Na yi kukan gidan da ko kwana ɗaya ban yi a cikinsa ba

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, amma don Allah kada a yi mini dariya.

Wata goma sha ɗaya ke nan ni da maigidana muna yawon neman gidan da za mu saya. Har littafi na tanada, duk gidan da muka shiga sai na rubuta abin da na gani. Gida 23 ke cikin littafin nan. Na 21 shi ne ya zame mini jarraba. Ba wani katafaren gida ba ne, ɗaki uku ne, fentinsa ma ya koɗe. Amma tagar kicin ɗin gabas take kallo, da muka je da safe hantsi ya kwanto har kan wurin wanke-wanke. A jikin ƙofar ɗakin yara kuma akwai layi-layi na biro, inda masu gidan suka riƙa auna tsayin 'ya'yansu, kowane layi da shekararsa a gefe. Wallahi ina tsaye a wurin na ga inda zan ja wa Haidar nasa.

Muka taya, mai gidan ya ce albarka. Maigidana ya ce a ba shi kwana biyu, mai sayarwar zai sauko. Ran na uku dillali ya kira, wai an sallama wa wani, har ya ba da kafin alƙalami. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yara su ji, na yi kuka kamar an yi mini rasuwa. Yau kwana goma sha biyu, da na rufe ido tagar nan nake gani.

Yanzu ga na 23. Takardunsa lafiya lau, ya fi kusa da wurin aikin maigidana, ya ma fi sauƙin kuɗi. Na shiga na fito ban ji komai ba, kamar na leƙa ofishin mutane. Shi kuma ya ƙagu a gama.

Tambayata biyu ce. Anya lafiyata ƙalau, da nake makokin abin da bai taɓa zama nawa ba? Sannan ana sayen gidan da bai kwanta wa mutum a rai ba, a sa ran daga baya za a so shi?

Hajiya_Babba:
Wa alaikumus salam. Lafiyarki ƙalau 'yata, zuciya ce ba ta da ƙashi. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Ki yi istihara a kan na biyun, ki bar waiwayen na farko.

Baban_Sadiq:
Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Da naki ne da yanzu kina ciki kina shara.

Injiniya_MK:
Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ni gaskiya zan faɗa ko da ɗaci. Gida bulo ne da siminti da ƙarfe. Kin ba mu labarin hasken taga da zanen biro, amma ba ki ce mana komai a kan rufi ba. Kin ɗaga kai kin duba silin ko akwai shacin ruwa? Kin shafa gindin bango kin ji ko yana danshi? Ina ruwan unguwar yake bi idan sama ta sako? So hana ganin laifi. Na taɓa raka wani abokina duba gidan da ya mutu a kansa, na ga bango ɗaya ne kacal aka yi wa sabon fenti, daga ƙasa zuwa gwiwa. Na sa makulli na ƙwanƙwasa, filasta ta zubo kamar gari. Ya yi kwana uku ba ya ɗaga wayata, wai na ɓata masa gida. Gidan da ba nasa ba!

Ummu_Haidar:
Injiniya, gaskiya ban duba silin ba. Ban ma tuna da shi ba.

Injiniya_MK:
To kin gani.

Fati_Zarah:
Haba Injiniya, mace ta zo da ciwo kai kuma ka zo da guduma. In bulo da siminti ne kawai, me ya sa ba ka kwana a sito? Mutum zai kwashe tarin shekara goma ko ashirin ya zuba wuri ɗaya, a nan zai yi jinya, a nan zai raini 'ya'ya, wataƙila daga nan za a fitar da gawarsa, sannan ka ce kada zuciyarsa ta sa baki?

Injiniya_MK:
Ban ce kada ta sa baki ba. Cewa na yi kada ta riga ido shiga.

Tsohon_Dillali:
Bari in tona asirin sana'a, tunda na yi ritaya. Idan na kai mata da miji ganin gida, ba gidan nake kallo ba, na riga na san shi, fuskokinsu nake karantawa. Da zarar na ji uwargida ta ce “nan za mu sa gado” ko na ga maigida ya fara auna wurin ajiye mota da taku, to na san ciniki ya faɗa, kuma sisi ba zai sauka ba. Da yamma zan kira mai gidan in ce masa ya riƙe wuta.

Maganar “akwai wanda zai kawo kuɗi gobe” kuwa, wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci ba kowa. Naki ya zo a kan gaskiya, shi ya sa ya yi zafi. Amma ki sani sau da yawa mai jan ciniki kwana biyu shi ke cin riba, maigidanki bai yi wauta ba. Kuma mu la'ada muke ci, sai an sayar muke samu, don haka duk wanda ya ce miki dillali yana tayaki neman gidan da za ki so, bai gaya miki duka ba. Gidan da za ki biya yake tayaki nema.

Sani_Lissafi:
Allah ya gafarta maka Baba, sai yanzu da ka gama da mu za ka faɗa?

Tsohon_Dillali:
Amin ɗana. Wasu ma addu'a suke yi mini har yau.

Malam_Nazari:
Abin da ya sami Ummu Haidar an yi bincike a kansa sosai. A 1979 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka fitar da nazarin da ya nuna cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa ƙarfi a zuciya. Daga baya suka kimanta cewa ya kai wajen ninki biyu. Sai Richard Thaler, masanin tattalin arziki, ya ƙara da cewa da zarar mutum ya ɗauki abu nasa ne, darajarsa tana hauhawa a idonsa. To ke ranar da kika tsaya a bakin ƙofar nan kika zaɓi inda za ki ja layin ɗanki, a ranar kika tare. Takarda ce kawai ba a sa wa hannu ba. Da dillali ya kira, abin da zuciyarki ta ji shi ne an fitar da ke daga gidanki, shi ya sa kukan ya zo da nauyin rasuwa.

Kuma ina zargin na 23 bai samu adalci ba. Kin je ganinsa kina cikin takaba.

Fati_Zarah:
“Kina cikin takaba” ta kashe ni. Amma gaskiya ce.

Abu_Yasir:
Na taɓa karantawa cewa sayen gida shi ne abu na uku mafi tayar da hankali a rayuwa, bayan mutuwa da saki. Su Kahneman ɗin ne suka faɗa ko? Na san dai an ba su kyautar Nobel su biyun.

Malam_Nazari:
Gyara biyu, Abu Yasir. Kahneman ne ya karɓi Nobel a 2002. Tversky ya rasu tun 1996, kuma ba a ba mamaci. Thaler ya samu tasa a 2017.

Maganar “na uku” kuma yawo kawai take yi a bakin mutane. Ma'aunin da aka fi sani shi ne na likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Holmes da Rahe, na 1967, mai abubuwa 43. Mutuwar miji ko mata ita ce a sama da maki 100, saki 73. Cin babban bashin gida 31 ne, sauya wurin zama kuma 20. Sai dai shi mai sayen gida ba abu ɗaya ke hawa kansa ba. Ga tashi, ga bashi, ga canjin makarantar yara, ga saɓani da iyali, duk a wata ɗaya. Idan ka tara su ne za ka ga dalilin da mutum yake ramewa.

Abu_Yasir:
Na karɓi gyara Malam.

Maman_Biyu:
Ni bari in ba ki nawa, don ni na samu wanda nake so ɗin. Na nace, na yi fushi, na daina magana, har maigidana ya ƙara a kan abin da muka yi niyya aka ba mu. Daren da aka miƙa mana makulli ban runtsa ba. Ina kwance a kan katifa a ƙasa, kaya duk a ɗaure, sai na fara jin ƙarar manyan motoci daga babban titi. Sau uku muka je ganin gidan, duk da rana, ban taɓa jin ta ba. Na tashi na zauna na ce na shiga uku, na sa bawan Allah ya zuba duk abin da ya mallaka a bakin titi. Ga asusu ya koma fayau, ko labule ba mu da kuɗin saye, zannuwa na rataya a taga wata biyu. Kuma ba damar in yi ƙorafi tunda ni na ja.

Shekara shida ke nan. Ƙarar motar yanzu sai baƙo ya yi magana nake tuna da ita. Ina son gidana. Amma kada wani ya ce miki wanda ya samu zaɓinsa ba ya kuka, nawa kukan bayan biya na yi shi.

Hajiya_Babba:
Wannan haka yake. Ko wane gida ka saya sai ka yi daren “me na yi wa kaina”.

Dan_Haya_Har_Yau:
Ku dai kuna da gidan da za ku yi wa kuka. Shekara goma sha huɗu ina haya, sau biyar ina tashi. Akwai kwalin da tun tashi na biyu ban buɗe ba, don na san wani tashin na tafe. Ƙusa ba na bugawa a bango sai na nemi izini. Ummu Haidar, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ki karɓi na 23 ki ja layinki a ƙofarsa, biro ai ba ya zaɓen ƙofa.

Sani_Lissafi:
A'a, a nan ne ban yarda ba. Gajiya da haya ita ce ta fi jefa mutane cikin mummunan saye. Mutum ya gaji da yawo, ya gaji da tambayar dangi “har yanzu ba ku samu ba?”, sai ya rufe ido ya damƙi na gabansa don dai a huta. Ita ma gajiyar ai zuciya ce. Kowa a nan yana ganin Ummu Haidar ce ke bin son rai, maigidanta ke bin hankali. Ni ina ganin su biyun duk zuciya ke jan su, ita ta maƙale a baya, shi yana son ya tsere. Wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne.

Baban_Sadiq:
Sani ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bari in yi magana a madadin maza. Lokacin da muke nema, matata tana ganin ba ruwana, komai aka nuna mana sai in ce “ba laifi”. Ba ta san kunya ce ke cina ba. Duk gidan da idonta ya yi haske a kansa ya fi ƙarfin aljihuna, kuma faɗin “ba zan iya ba” a gaban dillali da matarka ba ƙaramin abu ba ne. Sai in fake da cewa unguwar ba ta yi ba, ko ɗakunan sun yi ƙanana. Akwai ranar da muka dawo na ce zan je sayo abu, na yi fakin a gefen hanya na kifa kai a sitiyari kusan rabin awa.

Ummu Haidar, kin tabbata kwana biyun da maigidanki ya nema dabarar ciniki ce? Wataƙila lissafi ya je yi.

Ummu_Haidar:
Innalillahi. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni haushinsa ma nake ji a ɓoye, ina ganin shi ya ja mana.

Fati_Zarah:
Kada dai a juye laifin kanta yanzu. Shi ma da ya buɗe baki ya faɗa ai da ba a kai nan ba. Maza ku riƙa magana, ba duba muke yi ba.

Gwaggo_Asabe:
Ku tsaya ku ji ta ɓangaren mai sayarwa, don shi ma mutum ne. Bayan rasuwar mahaifinmu dole ta sa muka sa gidansa a kasuwa don a raba gado. Na farkon da ya zo ya tsaya a ɗakin da Baba ya yi jinyarsa ta ƙarshe, ya ce wa abokinsa “wannan rushe shi za a yi a faɗaɗa falo”. Yayanmu ya ce ko nawa zai biya ba za a ba shi ba. Muka sa kuɗin da kowa ya ce ya yi yawa, gidan ya shekara biyu ba a taya ba. Daga baya na gane kuɗin ƙuruciyarmu muka ɗora a kai, shi kuwa mai saye bango da fili ya zo saye. Masu layin biron nan, ki tabbata su ma sun yi nasu kukan.

Malam_Nazari:
Gwaggo, Allah ya jiƙan Baba. Abin da kika faɗa ya yi kama da wani bincike da aka wallafa a 2001 a kan gidajen birnin Boston na Amurka: waɗanda kasuwa ta faɗi ƙasa da abin da suka saya sun riƙa sa farashi sama da na sauran, gidajensu kuma suka fi daɗewa ba a saya ba. Kuma kada a ɗauka ƙwararru sun tsira. A 1987 an kai dillalai ganin wani gida a jihar Arizona, kowane rukuni aka nuna masa farashin nema daban. Waɗanda aka nuna wa mai tsada suka kimanta gidan da tsada, amma akasarinsu suka ce farashin bai shafi hukuncinsu ba.

Tsohon_Dillali:
Ba sai an je Arizona ba Malam, da ni aka tambaya da na faɗa kyauta.

Ustaz_Bashir:
Duk an yi maganar taga da silin, ban ji an ambaci maƙwabci ba. Larabawa suna cewa maƙwabci kafin gida. Kuma ya zo a hadisi cewa gida mai yalwa da maƙwabci nagari suna cikin abubuwan jin daɗin duniya. Taga ana fasa bango a yi ta, maƙwabci kuwa ba ka da yadda za ka yi da shi. Ki je ki gaisa da matan layin, ki ga yadda za su karɓe ki.

Sani_Lissafi:
Sannan in da bashi a cikin sayen, a yi hattara da “ai gida ba ya faɗuwa”. Wannan maganar ce ta cinye mutane a Amurka. An riƙa ba mutane bashin gidan da ba za su iya biya ba, kowa yana tsoron kada a bar shi a baya, farashi ya juyo ƙasa, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. Garin neman gira aka rasa ido.

Ustaz_Bashir:
Bashi mai ruwa ma ai tun farko bai halatta ba.

Abu_Yasir:
To wanda ba shi da wata hanya fa, Ustaz? Ya mutu a haya?

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a buɗe wa maganar bashi nata zauren. Baiwar Allah tambaya biyu ta yi, an amsa ta farko, ta biyun har yanzu tana jira.

Injiniya_MK:
Amsar ta biyu: e, ana saye. Nawa gidan ban so shi ba ranar farko, ƙashinsa na duba na ga lafiyayye ne. Sauran duk ni na sa masa da hannuna.

Maman_Biyu:
Ni kuma na ce a bambanta “ban ji komai ba” da “raina ya ƙi”. In shiru zuciyar ta yi, zama zai kawo so. In kuwa kina shiga kika ji ƙirjinki ya yi nauyi, kada ki bari a lallashe ki. Ƙanwata an lallashe ta, shekara uku tana kiran gidanta “gidan nan”, ba ta taɓa cewa “gidana” ba, ƙarshe da asara suka sayar.

Dan_Haya_Har_Yau:
Akwai wani lissafi da na gani, wai in za ka duba abu ɗari, ka bar 37 na farko su wuce kana kallo kawai, daga nan ka damƙi na farkon da ya fi su duka. Malam Nazari gaskiya ne?

Malam_Nazari:
Lissafin gaskiya ne, tsohuwar matsala ce a ilimin lissafi. Amma sharaɗinta sai ka san adadin da za ka gani tun farko, kuma ba a komawa baya. Wa ya san gida nawa zai gani kafin ya mutu?

Dan_Haya_Har_Yau:
Ni dai na wuce 37 tuntuni, kuɗin ne bai iso ba.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga abin da ya faru tun jiya.

Baban Sadiq, maganarka ta hana ni barci. Bayan yara sun kwanta na tambaye shi kai tsaye. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce da mun sayi na 21 sai ya sayar da mota ya kuma ciwo bashi wurin yayansa, kwana biyun nan yawon neman cikon yake yi, bai samu ba. Ya ce da dillali ya kira, shi sauƙi ya ji, sai kuma ya ji famfo yana ta zuba a banɗaki ya san abin da nake yi, ya rasa inda zai sa kansa. Ashe ya ji.

Yau da sassafe muka koma na 23. Injiniya, na ɗaga kai, silin ɗin fes yake, sai wani ɗan shaci a kusurwar ɗakin baya, na ɗauki hotonsa. Ustaz, na gaisa da matar gidan da ke jikinsa, har ta sa yaronta ya kawo mana kujera. Kicin ɗin yamma yake kallo, da safe duhu ne sai an kunna fitila. Raina bai ƙi ba, Maman Biyu, amma bai ce komai ba har yanzu. Na roƙi maigidana mako ɗaya, ya yarda, dillali kuwa ya ce akwai wanda zai kawo kuɗi gobe.

Tsohon_Dillali:
Ya faɗa da sauri yana kallon waya, ko ya kalli idon maigidanki ya faɗa?

Ummu_Haidar:
Yana kallon waya.

Tsohon_Dillali:
Hmm. Ban ce komai ba, kada gobe a zo a kama ni.

Fati_Zarah:
Ki koma da la'asar ki ga kicin ɗin. Mai kallon yamma ma yana da lokacinsa.

Injiniya_MK:
Lokacin zafi ne lokacinsa. Turo mini hoton shacin nan tukuna, kuma ki tambaya ko tankin ruwa a saman ɗakin yake.